Littafin da Ke Hannunka, Ina Zai Kai Ka?

Karatu: Bisharar Markus 10:17-27



A kwanakin baya, bayan Misa ta safe, wani saurayi daga cikin 'ya'yanmu ya tsaya a bakin ƙofar majami'a har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Fada, ina so in nuna maka wani abu." Ba zan ambaci sunansa ba, ko da yake ya yarda in ba ku labarinsa. Ya buɗe jakarsa ya fito da littattafai huɗu, duk na Turanci, duk sun tsufa saboda yawan juyawa, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimloli har wani shafin da ƙyar kake ganin farin takarda. Ya kuma fito da wani ɗan littafin rubutu. A shafinsa na farko, tun yana aji biyu a jami'a, ya jera abubuwan da zai samu kafin ya cika shekara 30: aiki mai albashi, mota, fili a gari, aure, da rufin kwano a kan ɗakin mahaifiyarsa. Ya dube ni ya ce, "Fada, watan jiya na cika 31. Shekara 5 ke nan da na gama bautar ƙasa. Ko ɗaya ban samu ba, alhali duk abin da littattafan nan suka ce a yi na yi. Ko dai ni Allah ya halicce ni ne ba tare da wata manufa ba?"

Tambayar nan ta kwana a raina, gama na san ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Littattafan koyar da nasara, da tsara rayuwa bisa ƙa'ida, da gano abin da ya kawo mutum duniya, sun cika ko'ina. Ana shimfiɗa su a bakin tasha tare da kalandu, ana tallarsu a ƙofar makarantu, yanzu kuma matasa suna aika wa juna su ta waya. Ban zo yau domin in hana ku karatu ba. Allah ya kiyaye. Firist ɗin da ya hana jama'arsa karatu ya manta cewa da littafi a hannu yake hawa bagade kowace rana. Ni kaina na karanta da dama daga cikinsu, na kuwa ƙaru. Abin da nake so mu duba shi ne yadda Kirista zai auna littafin da ke hannunsa, kafin littafin ya zama shi ke auna masa rayuwarsa.

Bari mu fara da mutumin da muka ji labarinsa a Bishara. Markus ya nuna mana shi yana gudu, ya durƙusa a gaban Yesu a kan hanya, yana tambayar abin da zai yi ya gaji rai madawwami. Ku lura, ba mugun mutum ba ne. Da Ubangiji ya tuna masa da dokoki, sai ya amsa cewa tun yana yaro yake kiyaye su, Yesu kuwa bai ƙaryata shi ba. Ashe ga mutum mai ƙa'ida, wanda bai yi sata ba, bai yi shaidar zur ba, bai zambaci kowa ba, yana girmama iyayensa, ga kuma dukiya mai yawa. Da a garinmu yake, da shi za mu naɗa shugaban kwamitin gini, da shi iyaye za su riƙa nuna wa 'ya'yansu. Duk da haka wani abu ya hana shi zama a gida. Mutumin da ya ƙoshi ba ya gudu a kan hanya yana neman malami. Markus kaɗai ne ya gaya mana cewa Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, daga cikin wannan ƙauna ce kuwa ya kira shi ya rabu da abin da ya tara, ya ba matalauta, ya zo ya bi shi. Yesu bai ƙara masa doka ta goma sha ɗaya ba. Kansa ya miƙa masa. Mutumin ya juya ya tafi da baƙin ciki, ƙa'idodinsa suna nan daram, dukiyarsa tana nan, amma ya bar wanda ya zo nema tsaye a kan hanya.

Ku riƙe wannan mutum a zuciya yayin da muke duba littattafan, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin adalci ne a zuba su a kwando guda.

Akwai waɗanda koyarwarsu ita ce, in ka ƙudura abu a ranka da ƙarfi, kana maimaita shi safe da yamma, ba ka bar shakka ta shiga ba, to lalle zai zo hannunka. Kakansu a zamanin nan shi ne littafin da wani Ba'amurke mai suna Napoleon Hill ya fitar a 1937, wanda sunansa kansa ke alkawarin cewa tunani zai kai ka ga arziki. Biyu daga cikin littattafan saurayin nan jikokin wannan ne. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki: rago ba ya noma, wanda ya yanke ƙauna tun da asuba ba zai fita nema ba. Amma dafin yana ƙarƙashi. In tunaninka ne kaɗai ke kawo arziki, to tunaninka ne kaɗai ya kawo talaucinka. Manomin da fari ya ƙone masa gero, da gwauruwar da aka kore ta daga gidan mijinta, da iyalin da 'yan bindiga suka raba da gonarsu, duk sai a ce laifinsu ne, ba su yi tunani daidai ba. Abokan Ayuba ma irin wannan hisabi suka yi masa yana zaune cikin toka, a ƙarshen littafin kuwa su ne Allah ya tsauta wa. Abin baƙin ciki, wannan koyarwa ta sa rigar addini ta shiga wa'azin wasu, har an mai da bangaskiya kamar takardar karɓar kaya a kanti.

Akwai kuma waɗanda suka fi wannan nauyi ƙwarai. A 1989 Stephen Covey ya fitar da littafinsa a kan halaye bakwai na mutanen da aikinsu ke yin albarka. Ya ce ya bi diddigin abin da aka rubuta a Amurka game da nasara cikin wajen shekara 200, ya ga cewa na dā suna magana a kan hali, wato gaskiya, riƙon amana, haƙuri da tawali'u, na baya kuwa suka koma koyar da dabarun burge mutane. Ya goyi bayan na dā. Ya kawo misalin gona, cewa ba a yi mata wayo: wanda ya yi barci da damina ba zai tashi da kaka ya yi shuka da girbi a mako guda ba. Wannan kowane ɗan ƙauyenmu zai gyaɗa kai. Ya kuma shawarci mai karatu ya zauna ya ɗauka ana jana'izarsa, ya tambayi kansa abin da yake so iyalinsa da abokan aikinsa su faɗa a kansa. Shawara ce mai kyau, Ekklisiya ma tana shafa mana toka a goshi kowace shekara saboda irin wannan tunani. Sai dai tambayar ta tsaya a rabin hanya. A ranar nan, masu magana a bakin kabari za su gama su tafi cin abinci. Akwai wani wanda za ka tsaya a gabansa bayan sun watse, ba kuwa jawabin jana'iza zai karanta maka ba.

Na uku shi ne irin littafin da Fasto Rick Warren na Kaliforniya ya fitar a 2002, mai babi 40 domin a karanta cikin kwana 40, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Shi kam tun daga farko ya gaya wa mai karatu cewa batun manufar rayuwa daga Allah yake farawa, ba daga son ran mutum ba, a nan kuwa ya faɗi gaskiya. Ɗan Katolika zai iya karanta shi ya amfana, muddin ya san cewa marubucin ɗan'uwa ne daga wata ɗarika, ba zai kuwa sami koyarwarmu game da Misa da ikirarin zunubi da zumuntar tsarkaka a ciki ba.

Wani zai ce, to Fada, ba gara mu tsaya ga Littafi Mai Tsarki kaɗai mu huta ba? Ku tuna da Waliyi Agustin, ɗan nahiyarmu, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Yana ɗan shekara 19, ɗalibi a birnin Kartaj, ba abin da ke gabansa sai suna da jin daɗi, sai ya karanta wani littafin Cicero, mutumin Roma wanda ya mutu tun kafin a haifi Kristi. Littafin nan ne ya fara kunna masa ƙishirwar hikima. Shi da kansa ya shaida haka daga baya, ya kuma ce abu guda ya rage masa zafin murnar, bai ga sunan Kristi a ciki ba, sunan da ya sha tare da nonon mahaifiyarsa Monika. Sai da shekaru suka shuɗe kafin Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan a 387. Allah ya yi amfani da littafin wanda bai san Bishara ba ya tashe shi daga barci, amma littafin bai iya kai shi gida ba.

Wanda ya fi koya mini yadda ake auna littafi shi ne Waliyi Ignatiyus na Loyola, ina so kuwa in ɗan daɗe a kansa. An haife shi a 1491 a arewacin ƙasar Sifen, ya tashi bafade kuma soja, mai son ado da son a san da shi. Ranar 20 ga Mayu 1521, yana cikin masu tsaron garin Pamplona daga sojojin Faransa, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa ɗaya ya raunata ɗayar. Aka ɗauke shi zuwa gidansu. Ɗorin farko bai yi daidai ba, aka sake karya ƙafar aka ɗora. Da ta fara warkewa sai ya ga wani ƙashi ya turo a ƙarƙashin gwiwa, wanda zai ɓata masa kyan tsayuwa cikin tufafin fada, ya sa aka yanke shi da zarto, a zamanin da babu maganin kashe zafi. Ku dubi irin ƙudurin mutumin nan! Duk abin da littattafan nasara ke nema a wurin mutum yana da shi: buri, jimiri, da shirin shan azaba domin abin da ya sa a gaba. Abin da ya sa a gaban ne bai taka kara ya karya ba.

Yana kwance watanni, zaman ya ishe shi, ya roƙi a kawo masa labarun jarumai da soyayya irin waɗanda ya saba karantawa. Ba a sami ko ɗaya a gidan ba. Abin da aka samu littafi biyu ne, ɗaya tarihin rayuwar Kristi, ɗaya kuma labarun tsarkaka. Don rashin abin yi ya fara karantawa. Wani lokaci sai ya ajiye littafin ya shiga tunanin wata babbar mace da yake so ya burge, da irin bajintar da zai yi dominta, ya yi sa'o'i a haka. Wani lokaci kuma sai ya shiga tunanin Waliyi Faransis da Waliyi Dominik, yana tambayar kansa me zai hana shi ma ya yi abin da suka yi. Duka tunanin biyu suna masa daɗi yayin da yake cikinsu. Amma a hankali ya lura da wani abu: in ya fito daga tunanin fada da suna, sai ya ji zuciyarsa ta bushe, ba ta da daɗi, in ya fito daga tunanin bin sawun tsarkaka, sai murnar ta zauna tare da shi ko bayan tunanin ya wuce. Daga wannan ɗan lura na majinyaci a kan gado aka sami koyarwarsa ta rarrabe ruhohi, wadda Ekklisiya ke amfani da ita har yau.

Ga ma'aunin farko ke nan, kuma kowa yana iya riƙe shi. Kada ka auna littafi da abin da kake ji lokacin da kake karanta shi, gama giya ma tana da daɗi a lokacin sha. Ka auna shi da abin da ya bar maka bayan ka rufe shi. Ka tashi kana ganin maƙwabcinka ɗan'uwa, ko kuwa tsani da za ka taka? Ka tashi da ƙarfin yin aikin da ke gabanka yau, ko da raina aikin da jin kunyar gidan ubanka? Ka iya durƙusawa ka yi addu'a bayansa, ko addu'ar ta koma lissafin bashin da kake bin Allah? Na tambayi saurayinmu wannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Fada, in na karanta da dare sai in ji kamar gobe zan kama duniya. Da safe kuwa ko fita ba na son yi, kada in haɗu da abokan karatuna."

Ignatiyus ya tashi da ɗingishi har ƙarshen ransa. A 1522 ya ajiye takobinsa a gaban siffar Uwargida Maryamu a Montserrat. Yana da shekara 33 ya zauna a aji tare da yara a Basalona yana koyon Latin daga tushe, abin da ya kamata duk wanda ke ganin lokacinsa ya wuce ya ji. A 1540 Paparoma Bulus na Uku ya amince da Ƙungiyar Yesu da ya kafa tare da abokansa. Ya bar mana ɗan littafin horon ruhu, a farkonsa kuwa ya aza abin da ya kira tushe da harsashi. Ma'anarsa ita ce wadda katekis ya koya mana a ƙarƙashin bishiya muna yara, cewa an halicce mu domin Allah, mu san shi, mu ƙaunace shi, mu bauta masa. Sauran abubuwa duka kayan tafiya ne, a riƙe su gwargwadon yadda suke taimako, a sake su gwargwadon yadda suke hanawa. Daga nan ya faɗi abin da ba za ka taɓa gani a littafin nasara ba: kada mutum ya ɗaure zuciyarsa tun da wuri cewa sai lafiya ba ciwo ba, sai wadata ba rashi ba, sai girma ba ƙasƙanci ba, sai tsawon rai ba gajere ba, domin bai san ta wace ƙofa Allah zai bi da shi ba. Magana ce mai wuyar haɗiya. Ni ma da nake faɗa muku, ban gama haɗiye ta ba. Amma mutumin da ya rubuta ta, ta ƙofar karayar ƙafa aka shigo da shi.

Ma'auni na biyu na same shi ne daga wani wanda ba Kirista ba. Viktor Frankl Bayahude ne, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. A 1942 'yan Nazi suka kama shi tare da matarsa da iyayensa suka kai su sansanin gwale-gwale. Mahaifinsa ya mutu a sansanin farko. A 1944 aka kai shi Auschwitz, a nan aka ƙwace rubutun littafin da ya ɓoye cikin kwat ɗinsa, aikin shekaru. Da aka 'yantar da shi a 1945 ya koma gida, sai ya tarar an kashe mahaifiyarsa, ɗan'uwansa ya mutu, matarsa ma ta mutu a wani sansani. A 1946 ya fitar da ɗan littafin da duniya ta sani yanzu da sunan neman ma'anar rayuwa. Ya rayu har 1997.

Mutumin da aka raba da suna aka ba shi lamba, in ya yi magana a kan manufar rayuwa, ya kamata a saurara. Abin da ya gani shi ne, ko an ƙwace wa mutum kome, akwai abu ɗaya da ya rage a hannunsa, wato yadda zai tsaya a gaban abin da ya same shi. Ya ga mutanen da yunwa ta cinye suna ba wani ɗan gutsuren burodinsu na ƙarshe. Ya kuma juya tambayar da muka saba yi. Mu kullum muna tambayar rayuwa me za ta ba mu; shi ya ce mu ne ake tambaya, kowace rana, da aikinmu kuma muke amsawa. Ya nuna hanya uku da mutum ke samun ma'ana: ta aikin da ya yi, ta wanda ya ƙaunata, da ta yadda ya ɗauki wahalar da ba makawa. Ku lura da kalmar nan, ba makawa. Bai ce a nemi wahala ba, bai ce a zauna cikin wadda za a iya kawarwa ba. Mai ciwo ya je asibiti, wanda aka zalunta ya nemi hakkinsa.

Akwai wani abu a littafinsa da ya sa na tuna da shafin farko na saurayinmu. Ya ba da labari cewa tsakanin Kirsimeti na 1944 da sabuwar shekara mutuwa ta ƙaru ƙwarai a sansaninsu, likitan wurin kuwa ya danganta hakan da cewa fursunoni da yawa sun sa rai za su yi Kirsimeti a gida, da ranar ta zo ta wuce sai ƙarfinsu ya kare. Begen da aka ɗaura wa kwanan wata, ranar da kwanan watan ya wuce sai ya zama igiya a wuyan mai shi. Kowane ƙarshen shekara muna jin ana yi wa mutane alkawari cewa shekara mai zuwa tasu ce, kafin watan kaza za su ga abu kaza. Ba wanda ke komawa ya ƙirga waɗanda watan ya wuce su, ya ga halin da bangaskiyarsu ke ciki. Mu firistoci mu ne muke ganinsu, a ɗakin ikirari da bakin gadon asibiti.

Saboda haka ma'auni na biyu shi ne wannan: ka ɗauki littafin a zuciyarka ka kai shi ɗakin wanda ya rasa kome, ka ga ko yana da abin faɗa. In koyarwarsa tana aiki ga mai lafiya da jari kaɗai, to dabarar kasuwa ce, a yi amfani da ita a kasuwa, ba laifi. Amma kada a kira ta manufar rayuwa, gama manufar da Allah ya ba ɗan Adam dole ta iya shiga ɗakin kuturu, da kurkuku, da sansanin 'yan gudun hijira. Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta ta 1965 game da Ekklisiya a duniyar yau, ta koyar cewa mutum ba ya samun kansa sosai sai ta wurin ba da kansa da zuciya ɗaya. Wannan kuwa ba wanda talauci ya hana shi. Shi ne abin da aka nema a wurin mai arzikin nan na Bishara, dukiyarsa ta tare masa hanya.

A wata majami'ar ƙauye da na yi aiki ina sabon firist, akwai wata tsohuwa mai sayar da hatsi, ba ta san ko harafi ɗaya ba. Kowa a kasuwar ya san mudunta, domin ba ta taɓa bubbuge gindinsa ya shige ciki ba, ba ta kuma da mudu biyu, na saye da na sayarwa. A shekarar da hatsi ya yi tsada, abokan sana'arta suka yi ta yi mata dariya. Na taɓa tambayarta, "Mama, ba kya ganin kina asara?" Ta ce, "Ɗana, hannun da zan miƙa in karɓi Jikin Kristi ran Lahadi, shi ne hannun da nake awo da shi ran kasuwa. Ba ni da wani." Na yi shekaru a makarantar firistoci, ban ji wanda ya bayyana rayuwa bisa ƙa'ida fiye da haka ba. Ina faɗin wannan domin iyayenmu da ba su yi boko ba, kada su ji ana maganar littattafai su ɗauka an bar su a baya. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙa'idar da ba ta taɓa jawo maka asara ba, ba ka san ko taka ce ba tukuna.

Wannan ya dawo da ni ga saurayinmu. Na ce ya ajiye shafin farko ya gaya mini abin da ya yi cikin shekara 5 ɗin nan. Da ƙyar ya fara, kamar mai jin kunya. Yana koya wa yaran unguwa lissafi da yamma, iyayen wasu suna biya, na wasu ba sa iyawa, bai kuwa kori ko ɗaya ba. Shi ke kai mahaifiyarsa asibiti duk wata. Sa'an nan, can ƙasa-ƙasa, ya ce shekara biyu da suka wuce an yi masa hanyar wani aiki, amma shekarunsa sun haura abin da ake nema, aka ce ya je ya yi takardar rantsuwa ya rage shekara uku, kowa haka yake yi. Ya kai har bakin ofishin ya juyo, domin ya kasa ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse a kan ƙarya. Wani ya sami aikin. Danginsa har yau wasu ba su daina yi masa gori ba, shi ma kansa a cikin jerin kasawarsa ya rubuta abin.

Na ce masa, "Ɗana, ka zo kana tambaya ko Allah ya manta ya ba ka manufa, ga shi ka ba ni labarin ranar da aka tambaye ka ka kuwa amsa. Mutumin Bishara ya juya ya bar Yesu domin ya riƙe abin da yake da shi. Kai ka juya ka bar abin da kake matuƙar bukata." Na kuma nuna masa cewa a cikin abubuwa biyar da ya jera, akwai ɗaya da ba domin kansa ya rubuta ba, wato rufin ɗakin mahaifiyarsa, na ce kada ya soke wannan, kada ma ya soke sauran, gama neman aiki da aure da muhalli ba zunubi ba ne, Ubangiji da kansa ya yabi mai gini da ya zauna ya yi lissafi kafin ya fara. Kwanan watan kaɗai na roƙe shi ya soke, da kuma tunanin cewa waɗannan abubuwa su ne shi.

Ban ce masa ya ƙone littattafansa ba. Na ce ya riƙe na Covey, ya bar mini biyu daga cikin sauran in duba, na ba shi aron na Frankl, na kuma sa shi ya karanta Bisharar Markus daga farko har ƙarshe, babi ɗaya kowace rana, babi 16 ne kawai. Ina roƙon ƙungiyoyinmu, na matasa da Zumuntar Mata da na maza, su ma su yi haka: kada kowa ya riƙa karatu shi kaɗai a ɗaki. Ma'ajin sarauniyar Habasha, a Ayyukan Manzanni sura 8, babban mutum ne mai ilimi, yana karanta Annabi Ishaya a cikin karusarsa, amma sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi kafin ya gane wanda ake magana a kansa. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi domin wanda bai iya ba, wanda ya karanta na Turanci ya bayyana da Hausa, dattawa kuma su faɗi abin da suka gani a ciki, gama sau da yawa su ne za su fara jin warin ƙarya.

Saurayin ya dawo mini da littafin bayan mako biyu. Bai ce ya sami amsar kome ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya ce dai yana so ya sake karanta rabin farko, na ce ya riƙe. Har yanzu da nake rubuta wannan bai sami aiki ba, damina kuma tana zuwa, ɗakin mahaifiyarsa na ciyawa ne. Ku sa shi cikin addu'arku tare da dukan 'ya'yanmu da ke cikin irin halinsa. In kuwa akwai wani a cikinku da ya san inda ake neman mai koyar da lissafi, wanda za a ɗauka da shekarunsa na gaskiya, ya same ni bayan Misa.